Tuta ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Ni mai wannan rubutu na kammala digiri na farko a fannin nazarin ƙasa da taswira, da sakamako mai daraja ta ɗaya, abin da sashenmu ya jima bai gani ba kafin zuwana. Shekaruna ashirin da huɗu. Manufar wannan kundi guda ɗaya ce: ya zama hujja tabbatacciya a kan adadin ƙasashen da na taka ni kaɗai, da ƙafata da jakar goyona, ba abokin tafiya ba ɗan jagora, domin kada gobe wani ya jefa tababa cikin lissafina kamar yadda Yayana ya saba yi a gaban baƙi.

Lissafin nan yana bisa ƙa'idoji uku da na shimfiɗa wa kaina. Ƙasa ba ta shiga adadi sai na kwana a cikinta. Ratse ba ziyara ba ne. Sannan sai wani tela ɗan ƙasar ya ɗinka tutarta a bayan jakata. Ta uku kuwa, wadda ita ce ruhin tsarin baki ɗaya, tutoci suna bin jerin shiga ne daga sama zuwa ƙasa, kowace a ƙarƙashin wadda ta gabace ta, daidai da jerin hatiman da ke cikin fasfona.

Jiya na tsallako gadar kan iyaka na shigo ta goma sha huɗu. Na kwana. Saura ɗinki.

Masaukina bene ne, ɗaki mai gadon ƙarfe da taga mai kallon titi. Uwar masaukin, mace mai jiki da makullai rataye a wuya, ta tsura wa jakar ido ta nuna tutar ƙarshe.

"Ɗana, wannan ta ina ce?"

"Ta maƙwabtanku ce, Inna, na ƙetaren gada."

"Juya ta bango."

Na fara yi mata bayanin cewa tuta ƙyalle ne kawai da al'umma ta yarda ta ɗora wa ma'ana.

"Juya ta bango," in ji ta, "sai ka ci gaba da bayanin."

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Na sami tela, shagonsa yana daura da tagata. Keke mai ƙafa, madubi mai tsaga a tsakiya, dutsen guga na gawayi, rediyon da aka ɗaure da igiyar roba. Mutum ne mai furfura a gemu, ya girmi mahaifina ko kuma sa'ansa ne, kuma tun kafin in zauna ya sanar da ni cewa a layin nan Sarkin Allura ake kiransa. Na tambaye shi wa ya naɗa shi. Ya ce shi da kansa, da ya ga an yi jinkiri.

Ya juya jakar yana bin ɗinkin abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya. "Na bakwai ɗin nan da ƙafa ya ɗinka? Na tara kuma matarsa ta ɓata masa rai ranar." Da na faɗa masa karatuna sai ya ce, "To Farfesa," kuma sunan ya zauna.

Ya so ya ɗora tutarsu a kan murfin jakar, can sama, inda a cewarsa duniya za ta ga aiki. Na ƙi, na karanta masa ƙa'ida ta uku.

"Wato tamu a ƙarƙashin ta mutanen gada?"

"A ƙarƙashi ta fuskar lokaci, Kawu, ba ta fuskar daraja ba."

Ya yi dariya har sai da ya yi tari. "Ta fuskar lokaci. To, mai kaya ya faɗa. Ni dai ɗinkina zai kunyata na saman, wannan ya ishe ni."

Ba shi da tutar a shirye, sai ya yanka daga ƙyallaye, kuma da hannu zai ɗinka domin yadin jakar ya fi ƙarfin allurar keke. Ya ce jibi. Na kwashe kayana na bar masa ita, ya rataye ta a ƙusar bakin ƙofa, tutoci suna kallon titi. Ya ce tallar kyauta ce, mutane su ga jakar da ta zaga duniya a wurinsa ta zo ta durƙusa. Ban ga aibun hakan ba. Haƙiƙa ma na ji daɗi.

Laraba, 5 ga wata, da azahar

An rufe gada. Abin da ya faru a can kowa da irin nasa, Inna kuma ta ce kada in tambaya. Rediyon Kawu ya daina kiɗa.

Da safe wasu samari masu jan ƙyalle a damtse suka wuce da gora da sanduna, wani mai usur a gaba. Sun fasa shagon mai sayar da gilashi, wanda aka ce iyayensa daga ƙetare suke. Sun fito da shi ta tagar da suka fasa, ba ta ƙofa ba.

A nazarce, wannan tarzoma ce ta wucin gadi irin wadda garuruwan kan iyaka suka gada, ba ta ɗaukar lokaci. Kawu ya ɗago mini hannu daga shago, jakar a cinyarsa. Ya nuna yatsu uku: gefe uku ya gama. Ya mayar da ita ƙusa.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Ban karɓo jakar ba.

Alhamis, da yamma

Na sauka da niyyar karɓa, sai na tsaya shan shayi a rumfar da ke gefen masauki. Shayin ya yi zaƙi da yawa. Ina nan tsaye suka zo.

Mai usur ne ya ciro ta daga ƙusa ya ɗaga sama, ya ce jama'a su zo su ga tela yana ɗinka ƙasarsu a ƙarƙashin ƙafar maƙiya. Daga nan ya yi tambaya, da ƙarfi, ga dukan layin. Tambaya ce ta gama-gari, ba a ambaci sunan kowa a cikinta ba, kuma a mantiƙance tambayar da ba ta da wanda aka nufa ba ta wajabta amsa a kan wani mutum takamaimai.

Kan keken ɗinki ƙarfe ne zalla. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Shayin ya yi zaƙi da yawa. Na shanye.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Ban fita ba. Shagon a buɗe yake, ba kowa. Ƙyallaye sun watsu har cikin kwata.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Domin cikar tarihi, ya kamata a rubuta abin da aka gani yadda aka gan shi. Sun jawo Kawu daga kan kujera da gemu. Sun doke shi da gora a baya da haƙarƙari har ya daina kare kansa. Wani ya taka masa hannun hagu a kan dakalin shago, biyu suka saki kan keken a kai. Ƙarar ba ta da girma. Sun tafi da shi da jakar zuwa tsohon gidan silima, inda suke tsare mutane.

Lokacin da ake tambayar mai jakar, ya dubi ko'ina a layin ban da rumfar shayi. Na lura da wannan ne kawai a matsayin mai lura.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Matarsa ta zo. 'Yar siririya ce, da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle. Ta zauna a matakalar benenmu, daidai inda dole in bi in zan je banɗaki.

"Ina kwana, Farfesa."

Ban taɓa ganinta ba, amma ta san sunan. Na amsa, na yi mata jaje cikin kalmomi zaɓaɓɓu. Ta ce ta gode. Ba ta kuma tashi ba.

Inna ce ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Sun ce ba za su sake shi ba sai ya faɗi mai jakar."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce shi tela ne, ba ya tambayar kaya sunan ubansu. Suka cire masa haƙori."

Na ce lamarin yana buƙatar nazari mai zurfi, domin gaggawa na iya ninka asarar maimakon rage ta.

"Yi nazarinka, ɗana. Ni dai ban ga komai ba, ban kuma san jakar kowa ba. A gidana ba a taɓa fitar da baƙo an ba wa 'yan sanda ba, balle waɗannan." Ta taɓa makullanta. "Amma matar nan a matakalata za ta zauna, ba zan kore ta ba."

Litinin, 10 ga wata

An yanke layin waya. Saƙon Yaya na ƙarshe: ka dawo gida, tutocin sun isa haka.

Talata, 11 ga wata, da azahar

Sun koro wani mutum ya faɗi daidai ƙarƙashin tagata. Katako mai ƙusa. Yana ta faɗin sunan unguwar da aka haife shi, da sunan makarantar da ya yi, da sunan ungozomar da ta karɓe shi. Ba su saurara ba. Da suka tafi, mai shayi ya fito ya lulluɓe shi da buhu, ya zuba ƙasa a inda ya jiƙe.

Ga matsayata, a tsare. Ba ni na rataye jakar a ƙofa ba. Ba ni na rufe gada ba. Ƙa'ida ta uku ƙa'ida ce ta ilimi, telolin ƙasa goma sha uku sun yi aiki da ita ba wanda ya rasa ko farce. Fasfona kuma yana ɗauke da hatimin ƙetare, ɗanye, wanda a yanayin da ake ciki daidai yake da hukunci. Idan na je, mai yiwuwa a sami mutum biyu a ƙasa maimakon ɗaya, wannan kuwa ba riba ba ce ta kowace mahanga.

Na karanta abin da na rubuta. Babu kuskure a ciki.

"Ina wuni, Farfesa," in ji matar Kawu, da na wuce.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Inna ta samo mini hanya. Wani direban motar kaya zai fitar da baƙi ta hanyar gonaki gobe da sassafe, a ƙarƙashin buhunan albasa. Ta ce wuri ɗaya ya rage ta kama mini.

Matar Kawu yau ta yi magana. Ba ta ɗago kai ba, kwanon take kallo.

"Jiya sun bar ni na gan shi. Na hagun ya kumbura har gwiwar hannu, ya yi baƙi. Sun ce na daman sun ba shi zuwa Juma'a."

Na ce Allah ya kawo mafita.

"Amin. Ya ce in ka tambaya in ce maka yana nan lafiya, kuma gefe ɗaya ya rage, kada ka kai wa wani ya ɓata masa aiki." Sai ta ɗago. "Ba ka tambaya ba, amma na faɗa."

Laraba, da la'asar

Da hannun dama yake riƙe allura. Na gani ranar Talatar da na kai masa jakar.

Alhamis, 13 ga wata, da sassafe

Motar ta tafi. Ina jin ta daga kan gado har ta sha kwana.

Inna ta hau da shayi, ta ajiye, ta dube ni. "To tashi mana."

Na ce mata ba a tunkarar irin waɗannan mutane da ka. Wa'adin Juma'a ne, ina da yini guda cur, kuma zan yi amfani da shi wajen tsara jawabi mai gaɓoɓi bakwai wanda zai warware shubuhar daga tushe: bambancin jeri da fifiko, matsayin tela a matsayin ɗan kwangila, daidaiton hatimai da tutoci, da sauransu. Mutumin da ya je ba shiri ya je ne ya ƙara musu nama.

"Jawabi," in ji ta.

"Jawabi, Inna."

Ta ɗauke shayin ta sauka da shi.

Alhamis, da yamma

Jawabin ya kammala. Na maimaita shi a gaban taga har ya zauna. Gaɓa ta huɗu ta yi kyau ƙwarai.

Matakala ba kowa tun azahar. Wata ta zo ta kira matar Kawu, suka fita da sauri, ta bar kwanon.

Laraba, 19 ga wata, da hantsi

Ina wani ɗakin shan magani a ƙetaren gada. Sai yau na iya zama. Zan rubuta Juma'a a taƙaice, domin baya ba ya barin dogon zama.

Gidan silimar an ciccire kujerunsa an tara a gefe. Mutane a kwance jikin bango, wari kamar mahauta. Mai usur yana kan dandamali a kujerar mai sayar da tikiti, jakata a ƙarƙashin ƙafarsa. Na miƙa fasfona na ce jakar tawa ce. Na faɗa da murya sosai, an ji har baya.

Na kai gaɓa ta biyu. Gindin gora ne, a baki. Haƙora biyu na sama.

Sun yi ta duka har wani daga cikinsu mai tabarau, wanda daga gani ya taɓa zama a aji, ya buɗe fasfon yana duba hatimi yana duba jaka. Ya ce jerin ɗaya ne. Mai usur ya ce wato ba ɗan leƙen asiri ba ne? Mai tabarau ya ce a'a, wawa ne kawai mai yawo. Aka yi dariya. Ina so a rubuta cewa wannan ita ce gaɓa ta uku a jawabina, kuma ita ta yi aiki.

Suka ba ni reza suka ce in farke tutocin da hannuna, daga sama, tunda ina son jeri. Kowace tuta sai in faɗi sunan ƙasar, a zuba mini wayar lantarki a baya, sannan in jefa ta cikin garwar wuta. Ta ɗaya telanta mace ce, ta ba ni ruwan sanyi. Ta biyar a tashar jirgin ƙasa aka ɗinka ta ina tsaye. Daga ta takwas ban ƙara tuna komai game da kowace ba, sunayen kawai nake faɗi. Ta goma sha uku sun ninka mata.

Na sa reza a kan ta ƙarshe sai na ji murya daga jikin bango, a shaƙe, kamar bakin cike da auduga.

"Farfesa. Wannan kar ka taɓa. Ban gama ba."

Mai usur ya ce dattijon ya yi gaskiya, wannan ita kaɗai za ta zauna.

A lokacin na gan shi. Matarsa tana tallafe da kansa. Na hagun na san da shi. Na daman an naɗe shi da ɗankwalinta, ɗankwalin ya jiƙe ya bushe ya yi tauri. Ba jinin safiyar nan ba ne.

Sun ce Juma'a. Ban yi la'akari da cewa mutanen nan ba sa bin jadawali ba.

Suka ce ta ɗauki mijinta ta tafi. Da ana fita da shi ya ce da ni, "Ka yi latti, ɗan boko, amma ka iya shigowa." Ita ba ta gaishe ni ba. Ni kuma aka jefa ni bayan mota da jakar, aka sauke ni a tsakiyar gada aka ce in yi gaba.

Alhamis, 20 ga wata

Malamin jinya ya ce tabon baya zai zauna. Layi-layi ne, daga sama zuwa ƙasa.

Juma'a, 21 ga wata, da la'asar

Yaya ya samu layi. Ya tambaye ni ƙasa nawa yanzu, cikin sigar wasan da ya saba. Na ce masa ana kan tantancewa. Ya ce me ya sami bakinka. Na ce zan kira.

Bisa ƙa'ida ta biyu, jakar ba ta shaidar ƙasa ko ɗaya. Akwai ramukan allura murabba'i goma sha uku, yadin cikinsu bai koɗe ba kamar sauran. Can ƙasa kuma tuta ɗaya, gefe uku a ɗinke, na huɗu yana lilo. Na duba ɗinkin da kyau a hasken taga. Ya fi na saman duka, yadda ya ce. Akwai tela a bakin titin nan, ya ga jakar ya ce minti biyar zai gama mini. Na ce a'a.

Ban san yatsa nawa ne a cikin ɗankwalin ba. Ban sani ba ko kan keken suka saki ko gora ce kawai. Gora tana barin ƙashi wani lokaci. Malamin jinya ya ce wani lokaci.

Asabar, 22 ga wata, da safe

An buɗe gada ga motocin kaya. Direban albasa zai koma yau, ya yarda ya kai takarda wurin Inna ta miƙa. Ga kwafinta.

Zuwa ga Sarkin Allura, ta hannun uwar masaukin da ke daura da shagonsa.

Kawu, bayan gaisuwa da girmamawa. Ina sanar da kai a hukumance cewa aikin da na ba ka ranar huɗu ga wata bai kammala ba, gefe ɗaya ya rage, kuma bisa umarninka ban kai wa kowa ba. Na dakatar da tafiyata. Ina masaukin farko da ke hannun dama in an sauko daga gada, ba zan shiga wata ƙasa ba, ba kuma zan koma gida ba, sai na san matsayin wannan aiki.

Don haka ina buƙatar amsa a rubuce, zuwa ranar Juma'a, ashirin da takwas ga wannan wata, ta hannun direban nan. Ba zan karɓi saƙon baka ba. Ba zan karɓi rubutun Inna ba, ko na iyalinka, ko na wani mai rubuta wa mutane wasiƙa. Layi ɗaya ya wadatar, kuma in zagi ne ma na karɓa, komai munin rubutun. Sharaɗina guda ne: ka riƙe alƙalamin da kanka, da hannun dama.

Naka,
Farfesa.